Hannun Haya

An ɗauke mu mu tara a Rijiyar Dorowa,
aikin wata guda, dafuwar buɗa-baki.
Ba takarda, ba dangwale.
Inna Tumba ta dube mu kamar mai zaɓen albasa,
ta ce, gobe da hantsi.

Horon duka bai kai tafasar tukunya ba.
Malam Jodi duba-gari ya zo a kan babur,
ya jingine shi a gindin dogon yaro,
ya ce mu miƙo hannuwa.
Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ciki da bai.
Farcen Luba ya sha reza nan take,
zoben azurfata ya koma bakin zane.
Ige ta ce ai lallenta na jiya ne,
ya ce lalle ado ne, ba sabulu ba.

Alwala daban, in ji shi, wannan daban:
sabulu, tsakanin yatsu, har wuyan hannu,
ki ƙirga ashirin kafin ki ɗauraye.
Wuƙar da ta shiga ɗanyen nama
ba ta gaisawa da kabeji sai ta yi wanka.
Shinkafar da ta wuni a buɗe cikin zafin Sakkwato
ta tashi daga sadaka, ta koma alhaki.
Ya tsaya, ya share gumi da hularsa.
Wadda cikinta ya ɓaci ta faɗa, ta zauna gida.
Muka yi dariya. Shi bai yi ba.
Shi ƙarshen wata yake jira,
mu kuwa ranar da ba ki zo ba, ba ki ci ba.

Haka muka shiga hayaƙi,
muna tuƙa abin da ba mu ɗanɗana ba,
gishiri da ido, yaji da hanci,
ƙuda na shawagi, murfi na korarsa.

Daren sha bakwai cikina ya juya.
Sau huɗu ina ɗaukar buta kafin sahur.
Da gari ya waye na ɗaura kallabi na fito,
ina tafe ina lissafi:
kuɗin yini,
bashin mai gawayi,
takalmin sallar Sanda da na riga na taya.
Wa zai sani? Ciki ba shi da taga.

Na wanke hannu, na ƙirga ashirin,
na ƙara ashirin ta tsoro.
Na ɗauki ludayi.
Sai ta faɗo mini a rai,
tsohuwar nan mai jinya a asibiti
da ke zuwa kullum da jika a goye,
ba ta kai kunu bakinta
sai ta hura, ta fara ba shi.

Ludayi ya yi mini nauyin taɓarya.

Inna Tumba ta ɗago daga kan turmi.
Mi yas same ki, ɗiyata?
Na faɗa a hankali, kamar mai amsa sata.
Ba ta yabe ni ba, ba ta kore ni ba.
Tahi wajen icce, ta ce, ki ƙirga abin da aka kawo,
kar in gan ki kusa ga tukunya.
Rabin kuɗi, har ki warke.

Rabi. Na sake lissafin, bai fita ba.
Takalmi zai jira babbar salla.

Da ladan ya kira magariba
ina zaune can nesa a kan ƙirare,
Ige ta turo mini ruwan gishiri da sukari,
ta koma famfo da sabulu ba wanda ya ce mata.
Layi ya miƙe har bakin kwalta,
'yan kabu-kabu, leburori, masu gadi.
Ga tsohuwar, ta kwance goyo,
tana hura kunu.
Ba ta san sunana ba.
Yaron ya shanye, ya miƙo baki a ƙara.